Zaman benci da gurbin jami'a: Yadda ƙofa ke ƙara ƙunci ga matasan 'yan besbol a Amurka

A ranar 6 ga Yunin 2025, Mai Shari'a Claudia Wilken ta kotun tarayya da ke birnin Oakland a Jihar Kalifoniya ta amince da wata yarjejeniyar sulhu da ta kawo ƙarshen shari'ar da aka shafe shekara biyar ana tafkawa tsakanin 'yan wasan jami'o'in Amurka da hukumar NCAA, wadda ke kula da wasannin manyan makarantun ƙasar. Kafafen yaɗa labarai sun fi mayar da hankali kan maƙudan kuɗin da ke ciki, wato diyyar kusan dala biliyan 2.8 da za a biya cikin shekara 10 ga waɗanda suka buga wasa tun daga 2016, da kuma izinin da aka bai wa kowace jami'a ta raba wa 'yan wasanta kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Sai dai a gidajen da ke da yaro mai buga besbol a sakandare, wata 'yar ƙaramar lamba ce ta fi tayar da hankali: 34. Wannan ne adadin 'yan wasan da aka yarje wa ƙungiyar besbol ta babbar jami'a ta riƙe, maimakon 40 da take riƙewa kafin yarjejeniyar.

Guraben shida da aka zaftare ba su yi kama da wani abin a-zo-a-gani ba, har sai an tuna cewa jami'o'in da ke rukuni na ɗaya a wannan wasa sun kai kimanin 300, kuma akasarinsu sun shiga sabon tsarin. Idan koci ya zauna da biro zai soke sunaye shida, da wuya ya fara da ɗan shekara 22 da ya riga ya gwada shi a fili. Ɗan shekara 18 da ke fitowa daga sakandare ne zai fara jin jiki. Wannan matsi shi ne ya ƙara rura wutar wata tsohuwar rigima da ta zama ruwan dare a makarantun Amurka, tsakanin iyayen da ke ganin ɗansu yana ɗumama benci da kocin da ya ajiye shi a can. Iyayen sun yi imani cewa kowane wasa da yaron ya kalla daga gefe, wani ɓangare ne na makomarsa ya salwanta. Suna da gaskiya a kan cewa akwai abin da ke salwanta, amma ƙofar da suke ƙwanƙwasawa ta daɗe da daina zama ƙofar shiga.

Me ya sa benci ya fi ciwo a besbol?

Ga wanda bai san wasan ba, besbol ɗan uwan kurket ne na nesa. Mutum ɗaya ne ke jefo ƙwallo da ƙarfi, wani ya doke ta da sanda, sannan ya ruga ya zagaye tashoshi huɗu kafin abokan karawa su mayar da ita. Kowane ɓangare na da mutum tara a fili. Babu agogo, ana lissafi ne da zango, kuma a sakandare zango bakwai ake yi maimakon tara na ƙwararru.

Tsarin wasan ya sa sauyin ɗan wasa ya yi tsada. A ƙwallon kwando ana iya sako yaro na minti uku a cire shi a sake mayar da shi yadda aka ga dama. A besbol ɗin sakandare, wanda aka fara wasa da shi ne kaɗai ke da damar komawa sau ɗaya bayan an cire shi, wanda kuwa aka sako daga benci idan ya fita ya fita ke nan. Bugu da ƙari, kowane wuri a fili yana da gwaninsa. Mai cafe ƙwallo a bayan mai bugu mutum ɗaya ne, kuma yaron da ya ƙware a wannan wuri, idan ya tarar da wanda ya girme shi da shekara guda ya kuma fi shi, ba shi da abin yi illa ya jira ɗan uwan nasa ya kammala makaranta. Kakar wasan gajeriya ce, a yawancin jihohi daga Fabrairu ko Maris zuwa Mayu ko Yuni, wasanni 25 zuwa 30 ko kusa da haka. Wanda ake farawa da shi yana samun damar bugu sau uku ko huɗu a kowane wasa, kusan sau 100 ke nan a kaka. Na benci yana iya ƙare kakar bai kai kashi ɗaya bisa biyar na hakan ba.

Abin da ke ingiza iyaye kuwa ba ɓoyayye ba ne. Alƙaluman cibiyar College Board na shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025 sun nuna cewa matsakaicin kuɗin makaranta a jami'ar gwamnati ga ɗan asalin jiha ya haura dala dubu 11 a shekara, a jami'a mai zaman kanta kuma ya haura dala dubu 43, ban da kuɗin ɗaki da abinci. Bashin karatu da gwamnatin tarayya ke bin Amurkawa ya zarce dala tiriliyan 1.6. Magidancin da ya ga waɗannan lambobi, ya kuma ga ɗansa yana da hannun jifa, ba za a ga laifinsa ba idan ya fara kallon wasan a matsayin jari.

Jarin dai mai haɗari ne. Samari fiye da dubu 470 ne ke buga besbol a sakandaren Amurka kowace shekara, bisa ƙidayar gamayyar hukumomin wasannin sakandare ta NFHS. Ƙiyasin NCAA da kanta ya nuna cewa kashi 7 zuwa 8 cikin 100 ne kawai ke samun wuri a ƙungiyar wata jami'a da ke ƙarƙashinta, kuma waɗanda ke kaiwa rukuni na ɗaya ba su wuce kashi 2 da 'yan kai ba. Wato a ƙungiyar sakandare mai yara 20, ko da an raba lokacin wasa daidai wa daida kamar rabon gado, abin da lissafi ke cewa shi ne mutum ɗaya ko biyu za su ci gaba.

Inda kasuwar ta koma

Akwai wani dalili mai sauƙi da yakan ɓace wa iyaye a cikin zafin rai. Kakar wasan jami'o'i tana farawa ne a tsakiyar Fabrairu ta ƙare a Yuni da gasar ƙarshe da ake yi a birnin Omaha na Jihar Nebraska tun 1950, kuma kowace ƙungiya a rukuni na ɗaya tana da wasanni har 56 kafin a shiga zagayen neman kofi. Ke nan a daidai watannin da yaron sakandare ke fatan a zo a gan shi, kocin jami'a da mataimakansa suna can suna fama da nasu wasannin, kusan sau huɗu a mako. Ba su da sararin tuƙa mota na awa biyar zuwa wani ƙaramin gari don kallon yaro ɗaya, wanda mai yiwuwa ma ruwan sama ya hana wasan.

Ba su kuma cika amincewa da alƙaluman sakandare ba. Yaron da ya yi fice a wata gunduma mai ƙarancin jama'a, inda masu jifa ba su da ƙarfi, ba za a auna shi da mudu ɗaya da wanda ya yi matsakaicin ƙoƙari a unguwannin Houston ko Atlanta ko kudancin Kalifoniya ba, inda kusan kowace makaranta ke da wanda jami'o'i ke zawarci. Sau da yawa ma wani uba ne ko wani ɗalibi ke riƙe da littafin rubuta alƙaluman.

Saboda haka kasuwar ta tashi daga filin makaranta ta koma dogon hutun Yuni zuwa Agusta da kuma watannin Satumba da Oktoba. A wannan lokaci ne ƙungiyoyi masu zaman kansu, waɗanda iyaye ke biyan kuɗi kafin ɗansu ya shiga, suke yawo daga jiha zuwa jiha suna buga gasa, kuma kamfanoni ke shirya bajekolin 'yan wasa. Mafi girma a cikinsu shi ne Perfect Game, wanda aka kafa a birnin Cedar Rapids na Jihar Iowa a 1995, sai kuma irin su Prep Baseball Report. A gasar da Perfect Game ke shiryawa kowane Oktoba a garin Jupiter na Jihar Fulorida, ɗaruruwan masu farautar 'yan wasa daga jami'o'i da ƙungiyoyin ƙwararru ne ke hallara, suna zagaya filaye da dama da ke jere a wuri guda. Abin da koci zai gani a can cikin kwana huɗu ya fi abin da zai gani cikin wata uku yana bin makarantu ɗaya bayan ɗaya.

A irin waɗannan wurare na'ura ce ke magana. Ana auna gudun ƙwallon da yaro ya jefa, inda mil 90 cikin awa, wato kusan kilomita 145, ya zama kamar lambar shiga ga mai jifa da hannun dama da ke burin babbar jami'a. Ana auna gudun ƙwallo sa'ad da ta bar sanda. Ana auna daƙiƙun da yaro zai ɗauka ya gudu yadi 60, kuma ana son ya yi ƙasa da bakwai. Mai cafe ƙwallo kuma ana lissafa tsawon lokacin da zai ɗauka ya cafe ya wurga zuwa tasha ta biyu, ana neman daƙiƙa biyu ko ƙasa. Sai a ɗora lambobin da bidiyo a intanet, koci ya zauna a ofishinsa ya tace dubban sunaye. Ta wannan hanya, yaron da ya sha zaman benci a makarantarsa saboda ya tarar da gwanaye a gabansa yana iya samun kira idan lambobinsa sun yi kyau, wanda kuma ya buga kowane wasa na shekara uku yana iya kammalawa ba tare da kowa ya san da shi ba.

Wannan ba ya nufin zaman benci ba shi da illa. Dokar ƙwallon da aka jefo da nufin yaudarar mai bugu fasaha ce da ba a koyonta sai a cikin wasa na gaske, kuma wanda ya rasa damar bugu sau 80 a kaka ya rasa karatun da injin atisaye ba zai rama masa ba. Haka nan kafin jami'a ta kashe kuɗinta, yawanci sai an buga wa kocin sakandare waya an tambaye shi halin yaron: yana zuwa atisaye a kan lokaci, yaya yake idan an sha kashi, kuma yaya iyayensa suke? A nan ne uban da ya shafe kaka yana aika wa koci saƙonnin ɓacin rai da kai ƙara wurin shugaban makaranta yake gane cewa ya ɓata rawar ɗansa da tsalle. Mutumin da ya mayar abokin gaba shi ne za a nemi shaidarsa.

Shi ma kocin sakandaren ba waliyyi ba ne. Galibi malamin aji ne da ake ƙara masa ɗan alawus, kuma ana auna shi da nasara. A makarantu da yawa ƙungiyar iyaye ce ke tara kuɗin gyaran fili da sayen kayan wasa, don haka zargin cewa ɗan wanda ya fi ba da gudummawa ne ake sakawa bai taɓa ƙarewa ba, kuma ba kullum ne zargin ke zama ƙarya ba. Sai dai kotuna ba su zama mafita ba. An sha kai ƙarar makarantu da masu horarwa kan ajiye yaro a benci ko cire shi daga ƙungiya, amma matsayin da kotunan Amurka suka daɗe a kai shi ne cewa shiga wasannin makaranta alfarma ce, ba haƙƙin da tsarin mulki ya kare ba, kuma fatan samun tallafin karatu nan gaba ba dukiya ba ce da za a ce an ƙwace. Sai dai idan an tabbatar da wariyar launin fata ko jinsi ko naƙasa, alƙali ba ya tsoma baki a jerin sunayen da koci ya rubuta.

Farashin da ake biya da aljihu da kuma jiki

Komawar kasuwa hannun 'yan kasuwa ta zo da farashinta. Kuɗin shiga ƙungiya mai zaman kanta, da kuɗin rajistar bajekoli, da otal da mai da tikitin jirgi, da malamin da ake ɗauka na musamman, kan kai dubban daloli a shekara. Sanda ɗaya mai kyau tana kaiwa dala 300 zuwa 500. A da, gasar ƙungiyar tsofaffin sojoji ta American Legion, wadda aka fara a 1925, ita ce ke bai wa yaran gari damar wasa a lokacin hutu kusan kyauta. Har yanzu tana nan, amma a wurare da dama gwanayen sun guje ta, masu farauta kuma sun bi su.

Ana ganin sakamakon a fuskokin waɗanda ke buga wasan. A 1991, baƙaƙen fata 'yan Amurka sun kai kimanin kashi 18 cikin 100 na 'yan wasan babbar gasar ƙwararru ta MLB. A farkon kakar 2024 sun koma kashi 6. A wasan ƙarshe na 2022 tsakanin Houston da Philadelphia babu baƙar fata haifaffen Amurka ko ɗaya a jerin 'yan wasan ɓangarorin biyu, abin da ba a taɓa gani ba tun 1950, shekara uku kacal bayan Jackie Robinson ya karya shingen wariya a wasan. Andrew McCutchen, wanda ya taɓa zama gwarzon ɗan wasan gasar, ya bayyana a wani rubutu da ya yi a 2015 cewa iyayensa ba su da halin kai shi irin waɗannan gasanni, wasu ne suka ɗauki nauyinsa. Dalilan raguwar suna da yawa, amma ɗaya daga ciki lissafi ne tsagwaronsa. Shekaru da dama, ƙwallon ƙafar Amurka tana ba da cikakken tallafin karatu ga mutum 85 a kowace babbar jami'a, ƙwallon kwando ta maza ga mutum 13, ita kuwa besbol an ƙayyade mata tallafi 11.7 kacal, da ake yayyankawa a raba tsakanin 'yan wasa har 27. Ɗan talakan da Allah Ya hore wa ƙarfi da gudu ya san wasan da zai kai shi jami'a ba tare da bashi ba.

Farashi na biyu gwiwar hannu ce ke biya. Tun da na'urar auna gudu ce alƙali, yara sun duƙufa neman ƙarin mil biyu ko uku ta kowace hanya, suna jifa da iya ƙarfinsu kusan duk shekara, daga kakar makaranta zuwa ta hutu zuwa bajekoli. Tiyatar sauya jijiyar gwiwar hannu, wadda Dokta Frank Jobe ya fara yi wa ƙwararren ɗan wasa Tommy John a 1974 har ta ɗauki sunansa, ta zama abin da ake yi wa 'yan sakandare. Wani bincike da aka fitar a 2015 kan bayanan inshorar lafiya na 2007 zuwa 2011 ya gano cewa fiye da rabin waɗanda aka yi wa tiyatar 'yan shekara 15 zuwa 19 ne. Jinyarta kan ɗauki shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, wanda ga ɗan aji 11, daidai da SS2 a Najeriya, yana nufin rasa ainihin lokacin da jami'o'i ke yanke shawara. Ita kanta MLB, a rahoton da ta fitar a Disamban 2024, ta ɗora babban alhakin yawaitar raunin masu jifa a kan wannan tsere na neman gudu, ta kuma nuna cewa tun daga matakin yara matsalar ke farawa.

Tun daga kakar 2017 NFHS ta wajabta wa kowace jiha ta ƙayyade adadin jifan da yaro zai yi a wasan makaranta da kwanakin hutun da zai biyo baya, kuma shirin Pitch Smart na MLB ya ba da shawarar kada ɗan shekara 17 zuwa 18 ya wuce jifa 105 a rana. Abin lura shi ne, wani lokaci kocin da iyaye ke zagi don ya cire ɗansu a zango na biyar, shi ne kaɗai a cikin masu mu'amala da yaron da doka ta tilasta wa ƙirga jifansa. Kocin hutu da mai shirya bajekoli ba su ƙarƙashin dokar makaranta.

Matsin da ke sauka daga sama

Ko da yaro ya tsallake duk wannan, jerin sauye-sauyen da suka auku cikin shekara biyar sun cika gurbin da yake nema da manya. A 2020, annobar korona ta sa NCAA ta ƙara wa 'yan wasan da kakarsu ta lalace shekara guda, lamarin da ya haifar da cunkoson da ya ɗauki shekaru kafin ya warware. A shekarar ce MLB ta rage zaɓen sabbin 'yan wasa daga zagaye 40 zuwa biyar, sannan daga 2021 ta tsayar da shi a 20, ta kuma rage ƙananan ƙungiyoyin renon 'yan wasa daga 160 zuwa 120. A da ana zaɓar mutum kusan 1,200 a shekara, yanzu kimanin 600. Sauran ɗaruruwan, waɗanda da sun bar jami'a a shekara ta uku sun tafi neman kuɗi, suna nan zaune a guraben su.

Babban sauyin shi ne na sauya sheƙa. A Oktoban 2018 NCAA ta buɗe wata rajista a intanet inda ɗan wasan da ke son barin jami'arsa zai sa sunansa kowane koci ya gani. A 2021 aka soke dokar da ke tilasta wa ɗan besbol zaman shekara guda ba wasa idan ya sauya makaranta, a 2024 kuma aka cire iyakar yawan sauyin. Dubban 'yan besbol ne ke shiga wannan rajista kowace shekara. Misalin da kowane koci ke tunawa shi ne Paul Skenes, wanda ya yi shekara biyu a Kwalejin Sojojin Sama, ya koma Jami'ar Jihar Louisiana, ya taimaka mata ta ci kofin ƙasa a 2023, sannan ƙungiyar Pittsburgh ta zaɓe shi na farko a duk ƙasar da kuɗin sa hannu dala miliyan 9.2. Kocin da aikinsa ya rataya a kan nasarar bana, idan aka ba shi zaɓi tsakanin wanda ya riga ya buga wasa 100 a jami'a da yaron da sai an yi shekara biyu ana renonsa, kuma yana iya tafiya da zarar ya nuna, ba ya dogon tunani.

Yarjejeniyar 2025 ta zo ne a kan wannan. Gaskiya ne ta soke ƙa'idar 11.7, ta yadda a ƙa'ida jami'a na iya bai wa duka mutum 34 cikakken tallafi, kuma wannan ci gaba ne na haƙiƙa ga wanda ya samu shiga. Amma izini ne aka bayar, ba umarni ba. Jami'o'in gungun SEC na kudu maso gabas, masu cika filin wasa da 'yan kallo da samun kuɗin talabijin, suna da halin ƙarawa sosai. Da yawa daga cikin matsakaitan jami'o'i ko 11.7 ɗin ba su taɓa iya cikawa ba. Waɗanda suka fi asara su ne 'yan sa-kai, wato ɗaliban da ke shiga ƙungiya ba tare da tallafi ba, suna biyan kuɗin makarantarsu da fatan wata rana a lura da su. Wannan ita ce hanyar masu jinkirin girma, kuma ita aka fara toshewa. Mai Shari'a Wilken da kanta ta jinkirta sa hannu a watan Afrilun 2025 saboda wannan batu, har sai da aka keɓe waɗanda suka riga suka shiga ko aka yi wa alƙawari daga lissafin. Keɓewar ta wucin gadi ce, za ta ƙare da kammala karatunsu.

Ƙayyade adadin bai tsaya ga besbol ba, ya shafi har wasannin guje-guje da tsalle-tsalle, inda aka tsayar da 45, kuma ta wannan ƙofa ce 'yan Najeriya irin su Blessing Okagbare da Tobi Amusan suka shiga Jami'ar Teksas da ke El Paso, Divine Oduduru kuma ya shiga Texas Tech. Duk gurbin da ya ragu a can, har a Legas da Fatakwal za a ji shi.

Alƙawarin fatar baki, wanda shi ne ginshiƙin zawarcin, shi ma ya nuna rauninsa. Kafin 2023 an kai matakin da jami'o'i ke karɓar alƙawarin yara 'yan shekara 14. A Afrilun shekarar aka hana kocin rukuni na ɗaya tuntuɓar yaro ko iyalinsa kafin ranar 1 ga Agusta da ke gabanin shigarsa aji 11. Dokar ta rage gaggawa, amma ba ta mayar da alƙawarin baka abin dogaro ba, domin babu abin da ke ɗaure kowane ɓangare sai an sa hannu a takardar tallafi a aji na ƙarshe. Da labarin ragin guraben ya fito, an samu yaran da suka daina sauraron kowace jami'a saboda sun riga sun yi alƙawari, aka kira su aka ce su nemi wani wuri a lokacin da sauran wurare suka cika.

Doguwar hanya

Abin da ya rage ga mafi yawan yara shi ne hanyar da iyaye suka fi raina wa. Rukuni na biyu yana da tallafi tara ga kowace ƙungiya. Rukuni na uku, wanda ya fi kowanne yawan makarantu, ba ya ba da tallafin wasa ko kaɗan, amma yana ba da na hazaƙar karatu, wanda a lokuta da dama ya fi ɗan yankin da babbar jami'a za ta yanko. Akwai kuma kwalejojin shekara biyu, masu arha, inda yaro ke buga wasa tun daga zuwansa, kuma MLB na iya zaɓarsa a ƙarshen kowace shekara, saɓanin ɗan jami'a da sai ya kammala shekara ta uku ko ya cika 21. Daga irin wannan kwaleji aka zaɓi Albert Pujols a zagaye na 13 a 1999. Daga irinta aka ɗauki Mike Piazza a zagaye na 62 a 1988, shi ma don alfarmar abotar mahaifinsa da kocin Los Angeles Dodgers, Tommy Lasorda, ya kuma ƙare a zauren gwarazan wasan. Zagayen da aka ɗauke shi babu shi a yau.

A nan ne batun lokacin wasa ya dawo da cikakken nauyinsa, fiye da yadda yake a sakandare. Tun da manyan jami'o'i sun koma cefane a rajistar sauya sheƙa, abin da suke saye shi ne shaidar wasan da aka buga a matakin gaba da sakandare. Yaron da ya je ƙaramar makaranta ya samu damar bugu sau 200 a shekara yana da hajar da zai kai kasuwa. Wanda ya je babbar jami'a don sunanta, ya zama na 33 a jerin mutum 34, yana iya wayar gari bayan shekara guda an sallame shi, ya shiga rajistar ba shi da alƙaluman nunawa, kuma ba kowa ne ya shiga yake samun sabon masauki ba. Ƙananan makarantun su ma ba su ji daɗin tsarin ba, don sun zama gandun reno: su wahala su raini ɗan wasa, idan ya nuna mai kuɗi ya zo ya tsinke. Ga kuma asarar da ba a cika magana a kanta ba, ta darussan da sabuwar jami'a ba ta amincewa da su idan ɗalibi ya sauya makaranta sau biyu ko uku, alhali takardar digirin ce dalilin farko da ya sa iyali suka shiga wannan fafutuka.

Ko wannan doguwar hanya ma tana iya ƙara cunkushe ƙofar. A Disamban 2024 wata kotun tarayya a Jihar Tennessee ta bai wa Diego Pavia, ɗan wasan ƙwallon ƙafar Amurka na Jami'ar Vanderbilt, umarnin wucin gadi da ya hana NCAA lissafa shekarun da ya yi a kwalejin shekara biyu cikin wa'adin wasansa, hukumar kuma ta ƙara wa masu irin yanayinsa shekara guda a dukkan wasanni. Ƙararraki makamantan wannan sun biyo baya, wasu alƙalai suka bai wa 'yan wasa gaskiya, wasu suka bai wa hukumar. Idan ƙa'idar ta tabbata a haka, mutum zai iya yin shekara biyu a kwaleji ya ƙara huɗu a jami'a, ya kai shekara 24 yana cikin ƙungiya, kuma da shi ɗan shekara 18 zai yi takarar ɗaya daga cikin guraben 34.